RA’AYI: Ranar tiyata ba a ɓoyon ciwon gado

Duk ma’aikacin gwamnatin tarayya da aka taɓa rubuta wa tiyata a Abuja ya san hidimar da ke gaban shiga ɗakin fiɗa. Sai an karɓo takardar turawa daga asibitin da ya yi rajista, a jira lambar amincewa daga kamfanin inshorar lafiya, a yi gwaje-gwaje, a tanadi wanda zai ba da jini idan ta kama, a cike takardar hutun jinya a ofis. Bayan an gama wannan duka, ana gobe za a shiga, sai wani likita da majinyacin bai taɓa gani ba ya zo bakin gado da fayil a hannu. Shi ne likitan sa barci. Zai yi tambaya kan hawan jini da ciwon suga da asma, ya ji ko akwai maganin da jiki ba ya karɓa, ya duba baki da wuya, ya faɗi lokacin da za a daina cin abinci. Akasarin mutane suna ɗaukar wannan zama a matsayin cika ƙa’ida. Amsarsu ba ta wuce “babu, babu, lafiya lau”, domin hankalinsu yana kan wuƙar gobe.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ta samu gurbi na dindindin a wannan zama, a kowane asibiti na Babban Birnin Tarayya, daga Asibitin Ƙasa da na koyarwa da ke Gwagwalada har zuwa asibitocin gwamnati na Wuse, Maitama, Asokoro, Kubwa da Nyanya: shin a cikin dangi akwai wanda ƙafafunsa suka sirance tun yana saurayi, yake yawan tuntuɓe, ko wanda hannunsa ke mutuwa kwana da kwanaki don kawai ya jingina a kansa? Tambayar ba ta cin kuɗi, ba ta bukatar na’ura. Amma ga wanda ya gaji raunin jijiya, amsarta tana iya raba tsakanin komawa ofis da ƙafafunsa da komawa yana jan ƙafa ɗaya. Nauyin yin ta yana kan likita, nauyin amsa ta da gaskiya kuma yana kan majinyaci da iyalinsa.

Wace cuta ce?

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa. Wadda ake nufi a nan ita ce jijiyar saƙo, wadda ke tashi daga laka ta kai umarnin motsi ga tsoka, ta kuma dawo wa ƙwaƙwalwa da labarin zafi, sanyi da taɓawa. Tana kama da wayar lantarki: akwai zaren da ke ciki, akwai rufin da ke naɗe da shi. Wasu mutane ana haihuwarsu da tangarɗa a ƙwayar halittar da ke gina zaren ko rufin, sai jijiyoyin su riƙa lalacewa sannu a hankali, daga mafi tsawo, wato waɗanda ke kaiwa yatsun ƙafa, kafin a zo hannu.

Mafi shahara a cikin waɗannan cututtuka ita ce Charcot-Marie-Tooth, ana taƙaita ta da CMT. Sunayen likitoci uku ne da suka bayyana ta a 1886: Jean-Martin Charcot da Pierre Marie a birnin Faris, da Howard Henry Tooth a Ingila. Alamominta sukan fara tun ƙuruciya ko samartaka. Tsakiyar tafin ƙafa ya ɗaga sama fiye da kima, yatsu su tanƙware, tsokar ƙwauri ta zube, mutum ya kasa ɗaga gaban ƙafarsa, don haka sai ya riƙa ɗaga gwiwa sosai idan yana tafiya. Silifa na zame masa bai sani ba. Daga baya saka maɓallin riga da riƙe biro su fara wuya. Ba ta taɓa hankali, kuma ga mafi yawan masu ita ba ta rage tsawon rai. Wani bincike da aka yi a Norwe a 1974 ya ƙiyasta tana kama mutum ɗaya cikin 2,500, kuma har yau da wannan adadi ake yawan kafa hujja. A 1991 masana suka gano cewa nau’in da ya fi yawa a Turai yana faruwa ne idan ƙwayar halitta mai suna PMP22, da ke kan kuromosom na 17, ta ninku. Zuwa yanzu an gano ƙwayoyin halitta fiye da ɗari da ke haifar da nau’o’inta.

Tana da ’yar’uwa da ta fi ta ɓuya, ana kiranta HNPP, wato raunin jijiya na gado da dannewa ke tayarwa. A 1993 aka gano cewa ita kuma rasa kwafi ɗaya na wannan ƙwaya ta PMP22 ne ke kawo ta. Wani likita a ƙasar Holan mai suna De Jong ne ya fara bayyana ta a 1947, a wani iyali da ƙafafunsu ke shanyewa bayan sun daɗe a durƙushe suna tonon dankali. Mai wannan lalura yana iya zama ƙaƙƙarfa, ba a ganin komai a jikinsa. Sai ranar da ya daɗe a tsugune, ko ya ɗora ƙafa kan ƙafa a doguwar tafiyar mota, ko ya kafa gwiwar hannu a tebur tsawon wani taro, sannan minjiryar da ke sakin kowa cikin minti biyu shi ta ƙi sakinsa har makonni ko watanni.

Akwai ta a nan?

An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. A 1984 Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Ibadan suka wallafa nazarin fayilolin shekaru 25, suka tarar masu cututtukan jijiya na gado ’yan ƙalilan ne ƙwarai. Sai dai fayil ɗin asibiti yana ƙirga wanda ya iso ne, aka kuma gane abin da ke damunsa. Ba ya ƙirga wanda ya zauna a gida. A arewacin Afirka, musamman Tunisiya, Aljeriya da Maroko, an gano iyalai masu yawa da ke da nau’o’in CMT waɗanda sai uwa da uba sun haɗu a kan ƙwayar kafin ta bayyana ga ɗa, kuma masana sun danganta yawansu da auren zumunci. A Mali, Farfesa Guida Landouré da tawagarsa a asibitin Point G da ke Bamako sun tabbatar da cutar a wasu iyalai ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta. Wani nazari da masanan Mali suka jagoranta a 2022 ya nuna cewa akasarin rahotannin CMT a Afirka daga arewacin nahiyar suke, kuma abin da aka rubuta daga kudu da Sahara kaɗan ne. Ƙasar Hausa, inda auren ɗan wa da ’yar ƙane tsohuwar al’ada ce, ba ta da dalilin ɗauka cewa abin da aka samu a Bamako da Tunis ya tsallake ta.

Abin da ya sa ba a ganinta shi ne tana da mayafai da yawa da za ta lulluɓa da su. Yaron da ke jan ƙafa a Arewa, kafin a kai ga tunanin gado an riga an ce shan inna ne, ko da yake rabon Najeriya da ganin ainihin ƙwayar cutar tun 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Ko a ce allura ce aka yi masa a ɗuwawu ta taɓa jijiya, abin da yake faruwa da gaske. Babba kuma a ce ciwon suga ne ko kuturta, ko a koma ga iska da sammu. Kowanne daga cikin waɗannan bayanai yana rufe bakin tambaya. Da wuya wani ya tsaya ya lura cewa kawun yaron ma haka yake tafiya, kakarsa ma haka ƙafarta take.

Abin da ke faruwa a kan teburin fiɗa

Mutumin da ke barcin gida, idan hannunsa ya sage sai ya juya ba tare da ya farka ba. Wanda aka sa wa maganin barci ba shi da wannan kariya. Yadda aka ajiye shi haka zai kasance, awa biyu ko biyar, tsokokinsa a sake. Akwai wurare a jiki inda jijiya ke bi tsakanin fata da ƙashi ba tare da nama ya kare ta ba: bayan gwiwar hannu, inda jijiyar ƙaramin yatsa ke wucewa, da gefen gwiwar ƙafa ta waje, inda jijiyar da ke ɗaga gaban ƙafa ke zagayawa. Akwai kuma curin jijiyoyin da ke tsakanin wuya da hammata, wanda ke miƙewa idan aka buɗe hannu ya wuce daidai kafaɗa. Ƙarafan da ake rataye ƙafafun mace a kansu a wasu ayyukan mata da haihuwa, da ɗaurin da ake yi wa cinya ko damtse don tsayar da jini a aikin ƙashi, duk suna matse jijiya.

Wannan haɗari ne ga kowa. A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta wallafa nazarin ƙorafe-ƙorafen diyya 4,183 da aka riga aka kammala. Guda 670, wato kashi 16 cikin ɗari, kan raunin jijiya ne, kuma jijiyar gwiwar hannu ce kan gaba da kashi 28 cikin ɗari na waɗannan. Akasarin raunukan wannan jijiya sun faru ne ga waɗanda aka sa wa barci gaba ɗaya, ba waɗanda aka yi wa allurar baya ba. Ga mai raunin gado kuwa, abin ya fi sauƙin aukuwa. Tun 1973 wasu masana biyu, Upton da McComas, suka kawo ra’ayin cewa jijiyar da ta riga ta jikkata a wuri ɗaya ba ta jure bugu na biyu kamar lafiyayya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matsin da lafiyayyen mutum zai tashi da shi bai ji komai ba, shi ne zai bar mai HNPP da hannu a sake. Ga shi kuma masu CMT sun fi sauran jama’a shiga ɗakin fiɗa, domin gyaran ƙafar da ta tanƙware yakan kai ga tiyata.

Sai batun magunguna. Akwai maganin sake tsoka mai suna suksametoniyam, wanda ake amfani da shi idan ana so a zura bututun numfashi cikin sauri, kamar a tiyatar gaggawa. Ga mai lafiya yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini kaɗan. Ga wanda tsokarsa ta rabu da jijiyarta, ɗagawar tana iya yin tsananin da zai rikita bugun zuciya, shi ya sa likitoci da dama ke kauce masa idan sun san akwai ciwon jijiya. Sauran magungunan sake tsoka kuma aikinsu yana iya daɗewa ko ya saɓa wa lissafi, don haka ana son a auna da na’urar gwada farfaɗowar tsoka kafin a cire bututu. A nan ma sanin ciwon yana da amfani, domin idan aka ɗora na’urar a hannun da ya riga ya yi rauni, amsar da za ta bayar tana iya yaudara. Wasu nau’o’in CMT suna taɓa tsokar numfashi da ke raba ƙirji da ciki, ko jijiyar murya a maƙogwaro. Allurar kashe kafaɗa da ake yi a gefen wuya kuwa kusan kullum tana dakatar da rabin wannan tsoka ta numfashi na wasu sa’o’i. Mai lafiya ba zai damu ba, amma wanda numfashinsa ke da rauni tun farko zai iya shiga matsala.

Wannan tarihi na dangi yana da amfani har a wajen ɗakin fiɗa. Maganin sankara mai suna binkiristin, wanda ke cikin magungunan sankarar jini da sankarar Burkitt da ke kama yara a Afirka, an hana ba da shi ga masu nau’in CMT da ke lalata rufin jijiya, domin yana iya shanye musu hannu da ƙafa.

Wannan ba dalilin gudun asibiti ba ne

Dole a faɗi wannan da babbar murya, domin tsoron allurar baya ya riga ya yi jijiya a zukatan mata da yawa, kuma jinkirin amincewa da tiyatar haihuwa yana cin rayukan uwa da jariri. Abin da aka tara na ilimi kan sa wa masu CMT barci ya ginu ne a kan rahotannin mutane ɗaiɗaiku da ƙananan rukunoni, amma akasarinsa mai kwantar da hankali ne. A 1992 wani likita mai suna Antognini ya bi tarihin masu cutar su 86 da aka yi wa tiyata, cikinsu har da waɗanda aka ba suksametoniyam, bai samu mummunan sakamakon da ake fargaba daga maganin ba. An kuma samu rahotannin mata masu CMT da aka yi wa allurar baya aka ciro jariri lafiya. A yau akwai na’urar sikanin da ke nuna wa likita jijiya kafin ya soka allura, akwai kuma maganin da ke warware aikin wasu magungunan sake tsoka cikin mintoci. Ko raunin da ya faru, mafi yawansa yana warkewa cikin makonni ko watanni.

Ma’anar wannan duka ita ce mai ciwon jijiya na gado yana iya shiga tiyata ya fito lafiya, muddin wanda zai sa shi barci ya san da wa yake aiki. Idan ya sani, zai sa matashi mai laushi a gwiwar hannu da gefen gwiwar ƙafa, ya hana a buɗe hannu fiye da kima, ya tattauna da likitan fiɗa kan ɗaurin tsayar da jini da tsawon lokacinsa, ya zaɓi magani da adadinsa da lura, ya kuma shirya sa ido kan numfashi bayan an fito. Haɗarin ya fi yawa ne ga wanda ba a sani ba.

Hujjar masu cewa akwai abin da ya fi wannan

Za a iya cewa ƙasar da ke fama da sikila, zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da lokacin cutar da ba a cika gani ba. Za a ƙara da cewa likitocin sa barci sun yi ƙaranci. Wannan gaskiya ne. Binciken da tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta wallafa a 2017 ya nuna Najeriya ba ta kai likita ɗaya na wannan fanni ga kowane mutum 100,000 ba, alhali mafi ƙarancin da tarayyar ta ba da shawara shi ne biyar. A asibitoci da yawa ma’aikatan jinya da aka horar kan sa barci ne ke riƙe da aikin, ga kuma ƙaurar likitoci zuwa ƙasashen waje.

Amma wannan hujja tana ƙarfafa bukatar ne. Inda gwajin gudun saƙo a jijiya ke wuyar samu, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya fi ƙarfin albashin yawancin ma’aikata, abin da ya rage a hannu shi ne tambaya da ido. Mintoci biyu sun isa a ce wa majinyaci ya cire safa a ga tafin ƙafarsa, ya taka a kan diddige, ya matse yatsun likita, ya faɗi ko yana jin taɓawa a yatsun ƙafa, a rubuta abin da aka gani a fayil. Wannan ɗan gwaji ba masu ciwon gado kaɗai zai amfana ba. Masu ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsu suka fara mutuwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma suna cikin haɗarin.

An riga an ga abin da ƙaramar takarda ke iya yi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar kafin tiyata, da lokacinta, da bayanta. Da aka gwada shi a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Jerin yana tambayar maganin da jiki ba ya karɓa, wahalar hanyar numfashi da yiwuwar zubar jini. Babu tambayar raunin jijiya a cikinsa, amma hukumar da kanta ta ƙarfafa asibitoci su daidaita shi da bukatunsu. Ƙara layi ɗaya a fom ɗin duba majinyaci kafin sa barci ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Rubutun yana kare likita kamar yadda yake kare majinyaci. Idan mutum ya farka da ƙafa a sake, kuma babu inda aka rubuta yadda ƙafar take kafin a shiga, iyali za su ce allura ce ta kashe ta, likita ya ce dama can haka take, babu mai raba gardama. Daga nan sai ƙorafi zuwa hukumar da ke sa ido kan likitoci ko kotu, jita-jita kuma ta ƙara tsorata wasu da ke jiran tasu tiyatar.

Ɓoyo da dalilansa

Ko an yi tambayar, ba lallai a samu amsa ba. Iyali ba sa son a ce gidansu akwai ciwo, saboda auren ’ya’ya. Matar da uwar mijinta ke zaune a bakin gado ba za ta ambaci ƙafar yayanta ba. Babban jami’i ba zai faɗi a gaban hadiminsa cewa ya fara kasa ɓalla maɓallin riga ba. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma maganinsu keɓewa: a ba likita da majinyaci wuri su kaɗai na ’yan mintoci. Doka ma tana bayan majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da shi halin lafiyarsa da hanyoyin magani da haɗarin kowacce, da harshen da yake ji, ta kuma hana fitar da bayanansa sai bisa sharuɗɗan da ta gindaya. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Abuja a watan Yulin 2018 ya jaddada haka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman.

Al’umma ta riga ta nuna tana iya sauyawa kan ciwon gado. Gwajin jini na sikila kafin aure, wanda a da ake yi wa kallon baƙon abu, ya zama ruwan dare, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwaji kafin aure a Jihar Kano a watan Mayun 2024. Sai dai a lura: sakamakon AA yana magana ne kan sikila kaɗai. Ba ya cewa komai kan jijiya. Wanda ya ce wa likita “ni AA ne, ba mu da ciwon gado” ya amsa wata tambaya ce daban.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ma’aikacin da aka rubuta wa tiyata, ko matarsa ko ɗansa, ya kamata ya kira dattawan gidansu tun kafin ranar, ya ji ko akwai masu irin wannan tafiya ko irin wannan ƙafa a dangin uwa ko na uba, da kuma ko wani ya taɓa fitowa daga tiyata da hannu ko ƙafa a mace. Ya faɗa wa likitan sa barci ko bai tambaya ba, ya roƙi a rubuta. Wanda aka riga aka tabbatar masa da cutar ya riƙa yawo da ’yar takarda mai sunanta a aljihu, domin haɗarin mota a hanyar Kubwa ko ta filin jirgi ba ya ba da sanarwa, kuma wanda aka kai asibiti a sume ba ya ba da tarihi.

Hadimai da mataimaka na musamman suna da rawar da ba a cika lura da ita ba. Su ne ke shirya ganin likita, su ke riƙe fayil, su ke cewa maigida na da taro ƙarfe huɗu, a hanzarta. Hadimin kirki shi ne wanda zai tabbatar an ba zaman likitan sa barci cikakken lokacinsa, ya fita daga ɗakin idan aka zo tambayoyin iyali, ya kuma tabbatar bayanan da aka rubuta a nan sun bi maigida idan za a fita da shi waje. Matsayi yana iya gajarta layi, amma ba ya ƙara wa jijiya ƙarfi.

Masu zaman jinya su san cewa aikin bai ƙare da fitowa daga ɗakin fiɗa ba. Binciken da aka wallafa a 2018 kan majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, ya nuna cewa akasarin mace-macen da ke biyo bayan tiyata suna faruwa ne a kwanakin da ke bayanta, inda ake bukatar ido a ɗakin kwanciya. Raunin jijiyar gwiwar hannu ma sau da yawa sai bayan kwana biyu zuwa bakwai yake bayyana, lokacin da majinyaci ke kwance rigingine, gwiwar hannunsa na danne a katifa. A riƙa juya shi, a sa masa matashi, a hana shi ɗora ƙafa kan ƙafa. Idan yatsa ya mutu, ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ko murya ta dushe tare da wahalar numfashi, a faɗa nan take. Bayan allurar baya kuwa, idan raunin ƙafafu ya ƙi sakin jiki ko ya ƙaru, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan gaggawa ce ta sa’o’i, ba abin jira sai likita ya zagayo da safe ba.

Waɗanda ke rubuta takardun manufofi a Ma’aikatar Lafiya ta Tarayya, da sakatariyar lafiya ta Hukumar Babban Birnin Tarayya, da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da dokar 2022 ta kafa, su ne ke da alƙalamin da zai mayar da wannan tambaya ƙa’ida. Fom ɗaya na duba majinyaci kafin sa barci, mai ɗauke da layin tarihin jijiya na dangi da gurbin rubuta ƙarfin hannu da ƙafa, zai iya zagaya dukkan asibitocin gwamnati da takardar umarni guda. Ya kamata kuma inshora ta sauƙaƙa turawa zuwa likitan jijiya da masu gashin ƙashi, ba tare da majinyaci ya yi makonni yana jiran lamba ba. Shugabannin sassa a ofisoshi su ma su sani cewa jijiyar da ta yi mummunan rauni tana tsirowa ne da kimanin milimita ɗaya a rana. Direban da ƙafarsa ba ta ɗaguwa, ko sakatariyar da yatsunta suka sage, ba lalaci suke yi ba, kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta hana a mayar da lalurarsu dalilin ture su gefe.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daren da likitan sa barci ya tsaya a bakin gado da fayil a hannu, ranar wankan ce ta zo. Abin da iyali suka shekara talatin suna kira shan inna, ko tafiyar gidan su wane, a wannan dare ya kamata a faɗe shi, a cire safa a nuna ƙafar, a kuma tabbatar an rubuta kafin a kashe fitila.